Shawarar Gidan Nomau

Ranar Alhamis ce, shekarar da sojoji suka karɓi mulki, dawa ta riga ta fitar da kai. Ƙarfe shida jirgin Gusau ya yi kuka kamar kullum. Mama ta soya ƙosai, ta yi wa ƙanwata Uche kitso tana mita, wai yarinya ba ta iya zama wuri ɗaya. Iyayenmu daga Gabas suka zo, Baba ma'aikacin reluwe ne, amma ni a Funtua aka yanke mini cibiya. Ladi maƙwabta ke kirana. Shekarata goma sha huɗu, Uche tara.

Ranar ce za mu yi wasan kwaikwayo a makaranta. Malam Sule, malaminmu na Turanci, shi ya tono shi daga wani tsohon littafin Girkawa. Wasu 'yan mata ne suka gudo daga ƙasarsu, suka zo wani gari neman mafaka riƙe da rassan itace. Sarki ya ce ba zai yanke shi kaɗai ba, sai ya ji ta bakin talakawa. Talakawa suka ɗaga hannu, aka karɓe su. Mu 'yan Gabas aka sa mu fito a masu gudun, wai Turancinmu ya fi fita. Aka ɗaura mana farin zane a kan kayan makaranta, aka ba mu rassan darbejiya naɗe da auduga. Mama ta ce za ta biyo mu in ta gama aiki.

Ƙarfe goma muka fara. Sha ɗaya saura kwata, ina tsakiyar roƙon sarki, muka ji ihu daga wajen tasha. Sai ƙarar gilashi. Sai hayaƙi ta wajen layinmu. Masu kallo suka miƙe, bencuna suka kife. Wasu mutane suka kutso makaranta da duwatsu suna nuna mu.

"Masu farin zane! Su ne!"

Kaico, da hannunmu muka yi wa kanmu alama. Dutse ya sami Uche a bayan kunne. Ba ta yi kuka ba, zama kawai ta yi. Malam Sule ya saɓa ta a kafaɗa.

"Ladi, yar da zanen! Shiga dawa!"

Na yar da zanen, reshen kuwa ban ma san ina riƙe da shi ba. Muka yi ta kutsawa, ganyen dawa na yankar fuskokinmu. Duk inda muka tsaya sai in warware auduga in danna mata a raunin. Ta jiƙe, in sake wata.

Ƙarfe biyu a agogon Malam muka isa wani gidan Maguzawa, nesa da hanyar Malumfashi. Babban gida ne mai sassa da yawa, mai gidan sunansa Nomau. Malam ya durƙusa ya roƙi abu biyu: a ɓoye ni, a ba shi jaki ya kai Uche ɗakin shan magani na mishan da ke gaba. Takalmansa sun ɓata tun a gari, ƙaya ta gama da ƙafafunsa.

Nomau ya ce abin da zai iya jawo wa gida wuta ba mutum ɗaya ke yanke shi ba. Wallahi maganar sarkin wasanmu ke nan.

Amma su ba sa ɗaga hannu. A al'adarsu kowane magidanci sai ya yi magana, daga babba zuwa ƙarami, kuma ba a katse mutum. Wasu suna gona, aka aika kiransu. Suka zauna gindin ɗorawa. Mu muna ƙofar gida, kan Uche a cinyata. Wata tsohuwa, Inna Kande, ta kawo ruwa a ƙwarya, ta zauna tana yi mata fifita da faifai tana zagin mazan ƙasa-ƙasa.

Ƙarfe uku mutum na huɗu ke magana. Ina jin su sarai. Wani ya kawo zancen rumbunan da za a iya ƙonawa. Wani ya ce kakansa ma gudu ne ya kawo shi nan. Yau ban ga laifinsu ba, amma ranar na tsane su ɗaya bayan ɗaya.

"Don Allah ku yi sauri! Jini take zubarwa!"

Ko waiwayowa ba su yi ba, yaro ba ya sa baki a maganar manya. Auduga ta ƙare. Uche ta tambaye ni ko an gama wasan. Na ce saura kaɗan.

Huɗu da rabi ƙaraminsu ya rufe baki. Duk sun yarda, ba wanda ya ƙi. Aka kwanto jaki, har da shimfiɗa a bayansa. Inna Kande ta taɓa wuyan Uche, ta ajiye faifan. Aka mayar da jaki turke.

A wasanmu, shawarar talakawa minti biyar take ci. Malam ya sha auna mana ita da agogo lokacin gwaji.

Mutanen gidan Nomau sun cika alkawari, ba zan ɓoye ba. Su suka binne Uche a bayan gida, gefen kaburburansu. Kwana tara na yi a rumbun Inna Kande. Masu neman 'yan Gabas sun zo sau biyu, ba wanda ya buɗe baki. Daga baya Malam Sule ya kai ni tashar Zariya a bayan motar gyaɗa, ina sanye da zanen Inna Kande.

Can na tarar da Mama zaune kan ƙunshin kaya, ita kaɗai. Ban tambaye ta Baba ba. Da ta gan ni, ba fuskata ta kalla ba. Bayana ta kalla, ta daɗe tana kallo.

Mu huɗu muka ci ƙosan nan. Mu biyu muka hau jirgi.