Gawon da Aka Rubuta a Matattu

Shekarar da aka yanka gonarmu ta Sharaɗa aka ba masu masaƙa, ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma ban iya komai ba sai fartanya. Da gona ta tafi sai na shiga leburanci wurin masu awon filin. Ni ke riƙe sanda mai ja da fari, in tsaya inda aka ce in tsaya.

Ba duka aka cinye ba. Tsakanin inda za a ja katangar kamfani da gidajenmu akwai wani zirin kwari, da kududdufi, da gawo guda bakwai. Wani matashin ma'aikaci daga ofishin tsara gari ya ce nan ba za a yi gini ba. Ɗan birni ne, ya yi karatu a Turai, ba shi da wulaƙanci. Ya shimfiɗa taswira a kan motarsa ya nuna mana wurin, an shafe shi da kore. Ya ce ruwan sama zai riƙa gangarowa nan maimakon ya shiga gidaje, itatuwa su tare hayaƙi, mutane su sami inuwa. Na ce to. Haka wurin yake yi tun kafin a zana shi.

Babana ba ruwansa da hayaƙi, awakinsa ya sani. Tun da ƙafa ta hana shi noma su ne aikinsa, su ne abokan hirarsa. Da rani, in ciyawa ta ƙare, 'ya'yan gawon nan suke ci har ruwa ya sauka. Da na gaya masa an bar wurin sai ya ce, "To, awaki sun tsira."

Ana tsakiyar damina aka zo ƙirga itatuwa: mai rai a bar shi, matacce a sare a dasa sabo. Duk wanda ya tashi a gona ya san gawo. Da damina yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai komai ya bushe sannan shi ya yi kore. Ma'aikacin ya ɗaga kai, ko'ina shar, su bakwai ɗin nan fari fat, ko ganye ɗaya babu. Ya rubuta a takarda.

Na ce, "Yallaɓai, ba mutuwa suka yi ba. Haka suke."

An fara yayyafi, yana kare takardarsa da riga, bai juyo ba. Helumanmu, shugaban leburori, shi ya ji.

Ya ce, "Sannu injiniya! Yaushe ka sauka daga Ingila? Riƙe sandarka, malam."

Aka yi dariya. Rabin leburorin daga ƙauyukan Ringim da Damagaram suke, babu wanda bai san gawo ba. Wani ya matso ya ce, "Ƙyale su, ɗan'uwa, mun sami itacen girki." Na yi niyyar tare ma'aikacin a bakin mota, sai na ga yana sauri. Iyakar ƙoƙarina ke nan, ba zan ƙara wa kaina ba.

Bayan sati uku takarda ta dawo da sa hannu. Aka raba gatura, aka miƙo mini ɗaya. Sara ɗaya za ka yi ka ga ɗanyen ice ne, kowa ya gani, aka ci gaba. Kwana huɗu muka yi. Rana ta biyu babana ya dogaro sanda ya zauna a bakin kududdufi.

"Har da kai?"

"Aiki ne, Baba."

"Ka gaya musu?"

"Na gaya musu."

"Da ƙarfi?"

Na koma kan gatarina.

Aka kawo dashen itacen turare aka jera da igiya, taku biyar-biyar, aka ba ni ban-ruwa. Sun kama, ba laifi. Sai dai akuya ba ta cin ganyen turare.

Da rani ma'aikacin ya dawo duba aiki. Kututturan nan duk sun yi toho. Ya tsuguna ya taɓa, ya kira ni.

"Malam, waɗannan fa?"

"Matattun nan ne, yallaɓai."

Ya daɗe a tsugune. Ya ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Na dubi heluma, heluma yana duban katanga. Na ce, "Haka Allah ya so."

Ya tambaye ni shekara nawa za su yi kafin su ba da 'ya'ya. Na ce bakwai ko takwas, in dabbobi ba su cinye tohon ba. Nan take ya sa aka kewaye su da ƙaya, ya ce kada a bar akuya ko ɗaya ta shiga zirin. Gaskiyarsa. Ni aka sa tsaro.

Awakin babana suka rame, biyu suka mutu kafin bazara. Wata ranar kasuwa Baba ya kwance sauran da hannunsa ya miƙo mini igiyoyin. Ya ce, "In da hali, ka ba mai kiwo. Kada ka ba mahauci."

Babu mai kiwon da zai sayi rammamiyar akuya a ƙarshen rani. Mahauta ne suka saya. Da na dawo bai tambaye ni ba. Na rataye igiyoyin a zaure, na ɗauki garwa na tafi ban-ruwan yamma.