Yafiyar da Ban Nema ba a Wurin Malama Hidaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Lahadi, 12 ga Zulhajji 1446, daidai da 8 ga Yuni 2025, rana ta uku da Babbar Sallah, Allah ya karɓi ran Malama Hidaya, matar Alhaji Gudaji, mai koyar da mu yoga, wato motsa jiki na miƙe gaɓoɓi, a Gumel. Ta dawo daga Gagarawa da la'asar, ta sauka daga mota a ƙofar gida, ta yanke jiki ta faɗi. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Ni Ummukulsum, ɗalibarta ta shekara huɗu, ina gaban kaskon suya labarin ya same ni.

Malama, bari in yi magana da ke, don har yanzu bakina bai iya cewa marigayiya ba.

A Indiya kika koyo wannan aiki, lokacin da kika yi wata takwas kina jinyar Alhaji. Kika ga yadda ake miƙe wa marasa lafiya gaɓoɓi, ana koya musu jan numfashi da saukewa a hankali, kika ce matan garinmu sun fi kowa buƙatarsa. Da kika dawo sai kika share tsakar gida, kika shimfiɗa tabarmi. Muka zo da ciwon baya da gwiwa da ƙiba, muna dariyar juna. Akwai tsohuwar da ta shekara biyu tana sallah a kan kujera, kika lallaɓa ta har goshinta ya koma ƙasa. Ranar ta yi kuka, ke ma kika taya ta.

Lokacin bukukuwa kowa hutu yake nema, ke kuwa sai aikinki ya ninka. Da azumi kikan mai da darasi bayan asuba, kafin yunwa ta kama mu. Da Babbar Sallah, in mata sun kwana biyu a duƙe kan guntuwar kujera suna yanka da suya, sai ki naɗe tabarmarki ki bi gida-gida. Ki tashi mace daga bakin murhu, hannunta duk maiƙo, ki jingina ta da bango ki ce ta miƙe har sai bayan ya yi ƙas. Kikan ce rago ya riga ya mutu, ba dole ba ne mai suyarsa ta bi shi. Daga Gumel sai Maigatari, daga nan Sule Tankarkar, a motar haya, cikin zafin nan na kafin ruwa ya sauka. Abin da ya kai ki Gagarawa ke nan ranar da kika bar mu.

Kowa zai iya ba da wannan shaida. Abin da ya hana ni cin abinci kwana tara daban ne, kuma ni kaɗai na san shi.

Kafin azumin bana kika yi mini faɗa a gaban mutane. Na zo a makare, na tsaya hira ina hana wasu yi, kika ce in ba zan natsu ba in koma gida. Gaskiya kika faɗa, amma ni mace ce mai riƙo, ban taɓa ɓoye wannan ba. Bayan kwana biyu, a wani gidan suna, aka tambaye ni me muke yi a gidanki da sassafe. Na taɓe baki na ce su dai Indiyawan da suka koya miki rana suke duƙa wa. Iyakar abin da na ce ke nan. Alhali na sani sarai kudu kike sa mu fuskanta, don kada abin ya yi kama da ibada ko wace iri, kuma da bisimilla muke farawa.

Kafin sati ya zagayo maganar ta kai kunnen maza. Aka fara hana mata zuwa. Mu ashirin da shida ne, muka koma mu huɗu. Kika ci gaba da shimfiɗa tabarmi ashirin da shida kowace safiya, har sai da 'yarki Amatullahi ta roƙe ki ki daina. Ni kuwa ban fasa zuwa ko rana ɗaya ba, kuma tsoro ne ya kawo ni, don kada a gane daga bakina ta fito. Kika ɗauki wannan a matsayin amana. Kika riƙa zuba mini kunu da hannunki, kina kira na ƙanwata.

Da Ƙaramar Sallah na zo gaisuwa. Na durƙusa na ce a yafe mini, kamar yadda kowa ke cewa ranar, a dunƙule, babu bayani. Kika yi dariya kika ɗago ni.

"Ummu, ke me kika taɓa yi mini? Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na fita da wannan ina rarrashin kaina cewa ai kin yafe. Zuciyata ba ta yarda ba, don ba ki san abin da kike yafewa ba. Na ƙudura zan faɗa miki da Babbar Sallah. Ranar Asabar kika shigo gidana, kika tashe ni daga murhu, kika danna mini kafaɗu. Mu biyu ne kaɗai a tsakar gidan. Maganar ta zo har maƙogwaro, na ce bari a gama suya, in zo miki da soye a kwano, mu zauna a tsanake. Washegari aka kira ni.

Da na isa, mata sun cika gidan, har da waɗanda suka gudu. Amatullahi ta ratso su ta kamo hannuna, idonta ya kumbura.

"Anti Ummu, ke za ki yi mata wanka. Ta sha faɗa mini, in ta riga ki, ke ta amince wa."

Na bi ta. Na shiga tare da wata dattijuwa. Na zuba miki ruwa ta dama sannan ta hagu, na gyara miki hannuwan nan da suka gyara bayana jiya-jiya. Da dattijuwar ta juya ɗauko likkafani, na sunkuya na faɗa miki komai a kunne, tun daga gidan sunan. Na jira kamar mahaukaciya. Fuskarki tana nan yadda take.

An ce mini in yi ta istigfari, in yi miki sadaka, kuma ina yi. Amma haƙƙin naki ne, kin kuwa tafi da shi, ban ga wanda zai sauke mini ba kafin ranar da za a tsai da mu. Abin da ya rage mini shi ne in faɗa a fili. Matan Gumel da aka hana zuwa, da mazan da suka hana su, ku ji: ƙarya na yi. Hidaya ba ta taɓa koya mana abin da ya saɓa wa addini ba.

Allah ya jiƙan ki, Malama. Ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya sa kowace gwiwa da ta koma sujada ta dalilinki ta zame miki hujja. Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhaji Gudaji da 'yan'uwa na Gumel da Gagarawa, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Amatullahi, Allah ya dafa miki. Yanzu kin san hannun da kika sa ya yi wa mahaifiyarki wanka. In kin rufe mini ƙofar gidanku, ba zan ce kin zalunce ni ba.