An Rubuta an Saki Brahim

Salmanu ɗan mahauta ne a Garwa, amma bai gaji wuƙa ba. Ya yi boko har ya iya Faransanci, aka ɗauke shi akawu a wani gidan fursuna na arewa. Aikinsa rijista: wanda ya shigo, wanda ya fita, wanda ya mutu. Ƙarshen wata ya haɗa adadi a aika Yawunde.

Bai daɗe ba ya gane takarda daban, abin da ke ɗakunan fursunoni daban. Masu jiran shari'a, wani wata a ƙirga su, wani wata a ce a bar su. Idan kuma fursuna ya galabaita, sai shugaban gidan, Muse Émile, ya ce a rubuta an sake shi, a kai shi gindin bishiyar maina bayan katanga. Can yake cikawa. Har takardar yabo suka samu, wai babu gidan da ya kai nasu ƙarancin mace-mace.

Da daminar 1974 wata mata, Halime, ta zo daga Kuseri neman mijinta Brahim, dillalin shanu da aka ɗaure kan rigimar kasuwa. Salmanu ya tuna shi sarai. Gudawa ce ta gama da shi, kuma Salmanu da hannunsa ya rubuta sakin.

Ya buɗe littafi, bai ɗago kai ba. "An sake shi tun watan jiya."

"To ina ya nufa, malam?"

"Littafi bai faɗa ba."

Ta yi godiya, har da durƙusawa. Shekara guda tana bin kasuwannin shanu, ta kai Rey Bouba, ta kai Tignère. Da ta dawo ta rame, zanenta ya koɗe. Wannan karon Salmanu ya tashi, ya zagaya da ita bayan katanga, ya nuna mata inda aka binne mijinta.

"Ashe ko takaba ban yi masa ba," ta ce. Ba ta zage shi ba, ta kama hanyar tasha.

Washegari ya roƙi Muse Émile a gyara layin Brahim a littafin. Muse ya ce adadin bara an riga an buga shi, ba a taɓawa.

Salmanu ya ƙara shekara shida a kujerar, don yana da iyali. Bayan ya bar aiki ya zama mutum marar magana. Da ya rasu a Garwa, mutum tara ne suka raka shi.