Ƙofar Tattabarun Baba

Shekarar da gwiwoyin Baba suka ƙi hawa tsani, Inna ta yanke hukunci cewa a sayar da tattabarunsa. Akurkinsu yana saman ɗaki a gidanmu na Omdurman, kuma dole a buɗe musu da safe, a rufe da magariba saboda kyanwar maƙwabta. Ni ina can unguwar Kalakla da iyalina, nesa da gida. Ƙanwata kuwa tun duku-duku take tafiya jami'a a Khartum, sai bayan isha ta dawo. Baba kuwa duk ya faɗa.

Wata Juma'a ƙanwar tawa ta baje kaya a tabarma: 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ba ta cika tafin hannu ba, da wani faranti mai layukan allurai da ake ɗora mata a ka. Ta ce da farantin nan ba sai an narka dalma ba, wayoyi uku-uku kawai ake sokawa. Nan ta soka na'urar jin haske, can ta soka wani abu wai shi "sabo", ɗan injin da zai ja ƙofa. Na ce wannan ko ƙofar ɓera ba zai buɗe ba.

Saura kaɗan bakina ya kama ta. Da injin ya fara ja sai fitilar ƙwaƙwalwar ta ɗauke, komai ya koma farko. Har sau biyar. Idanunta suka ciko.

Baba, wanda ya tsufa a gyaran wayar mota a Mantiƙa Sinaiya, unguwar garejoji, ya matso.

"Ya bitti, 'yata, injin nan a ina yake shan wuta?"

"Ta cikin ƙwaƙwalwar, Yaba."

"Haba! Kin taɓa ganin sitatar mota tana sha a wayar rediyo? Ba shi batirinsa, ki bar musu baƙar waya guda, halas, shi ke nan."

Ashe farantin yana da mashigar wuta dabam. Ta miƙa masa sukudireba. Shi ya ɗaure wayar da kansa.

Na kwana don in gani da idona. Gari na wayewa ƙofar ta ɗaga, tattabarun suka tashi fuu. Wallahi su biyun sun burge ni, har na ji kunyar bakina.

Baba yana zaune a gadon igiya, ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya juyo wajen ƙanwata da sunan da ake kiran gwanin makanike, wanda ni, ɗansa na fari, na yi shekara uku a garejinsa ban samu ba.

"Ya usta," ya ce, "ƙara wa ƙofar yatsa biyu, babban namijin yana sunkuyawa."