Jinin Isyaku Wanzami a Gwangwanin Madara

Duk wanda aka haifa a unguwar Mandawari tsakanin yaƙin basasa da shekarar da sojoji suka koma bariki, da wuya in ba askar Isyaku Wanzami ce ta fara taɓa kansa ba. Shi ke askin suna, shi ke cire beli, ranar Asabar kuma ya jera dattawa a soronsa ya kafa musu ƙaho, suna nishi yana musu tsiya. Askar ta kakansa ce, ƙotarta ta yi baƙi wuluk saboda hannu. Kafin ya ɗora ta a kan kowa sai ya wasa ta a tafinsa, ya gwada kaifinta a babban yatsa, in ta ɗan ja jini ya ce, "Yauwa, ta yi."

Amma mutumin nan da ya zubar da jinin da zai cika randa, tsoron allura yake kamar ransa zai fita. Matarsa Hajo kaɗai ya gaya wa, wato dai duk unguwa ta sani.

Ana nan sai ga Bahijja da hantsi, 'yar Alhaji Abdulbaƙi, gidan da tun kakanni su Isyaku ne wanzamansa. Shi ya yi mata askin suna, ga ta yau likita, cikinta ya tsufa. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta yi bayani. Akwai ciwon hanta iri-iri, in ji ta. Wani yana da allurar rigakafi, amma wanda ake kira C har yanzu ana nema. Yana bin jini, aska ɗaya ta ishe shi, kuma sai ya shekara ashirin a jikin mutum bai yi motsi ba. Masu binciken rigakafinsa suna son sanin wace irin ƙwaya ce ke yawo a nan, don in Allah ya sa an dace maganin ya yi wa mutanenmu. Shi ya sa take neman jinin wanzamai.

"Da me za a ɗiba?" in ji Isyaku.

"Da allura, Baba."

"Dole ne?"

"A'a, sai wanda ya yarda."

"Alhamdulillahi! Ai wannan shi ne amfanin mulkin farar hula. Ki gaida Alhaji."

Kwana biyu yana ba da labarin yadda ya kayar da likita da siyasa. Rana ta uku Hajo ta dawo daga gidan Alhaji, ta ajiye mayafi ta ce, "To gwanin siyasa, Bahijja ta ce in ta sauka, wanzamin da ya gudu daga gwaji ba zai taɓa kan jaririnta ba. Ta ce ita ma farar hula ce."

Nan fa hankalinsa ya tashi. In gidan Alhaji suka kira wani wanzami, kafin la'asar unguwa ta bi, shi kuwa sai dai ya rataye zabira ya koma askin 'yan tasha. Ya yi ta tunani, sai wata dabara ta faɗo masa, har da dariya. Jini suke so? Shi da jini sana'arsa! Ya nannaɗe wando, ya tsaga ƙwaurinsa, ya kafa ƙaho. Ya juye abin da ya fito a gwangwanin madara, ya rufe da leda, ya hau acaɓa sai asibiti.

"Ga shi nan, Likita, har da gyara," in ji shi, ya dire gwangwanin a teburinta.

Bahijja ta leƙa. Jinin ya daskare kamar hantar akuya. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

"Baba, wannan ai ko kare sai ya yi shawara."

"Jinina ne fa, wallahi!"

"Na sani. Tunda ka zo, zauna."

Ya duba ƙofa, ya ga wata ƙatuwar nas ta tokare ta. Ya zauna, ya runtse ido, ya kama salati da ƙarfi har masu jiran layi suka ɗauka rasuwa aka yi. Yana cikin cewa a gaya wa Hajo ya yafe mata, aka ce masa an gama tun ɗazu.

Bayan sati uku Bahijja ta same shi a soro, wannan karon ba dariya. Yana da ƙwayar. Ta ce za a riƙa duba shi, ta ce jininsa na cikin waɗanda za a aika ƙasar waje. Isyaku ya ce, "Ikon Allah, ni ko Zariya ban wuce ba, jinina zai hau jirgi." Ya yi dariyarsa. Amma da ta tafi ya daɗe yana kallon babban yatsansa, duk tabon aska, yana tuna kawunan da ya aske bayan kowane gwaji. Tsoro ya kama shi, wanda ya fi na allura.

Bahijja ta haifi mace. Ranar suna ya zo da safar hannu irin ta asibiti da reza sabuwa fil a takardarta, ya ɓare ta a gaban mata, Hajo na cewa, "Ku matsa wa Dakta Isyaku." Askar kakansa tana gida a ƙasan akwati. Ya aske kan jaririyar tas, ko ƙwarzane babu.

Da ya miƙa ta, bai tashi ba. Ya dubi Bahijja, muryarsa ta yi ƙasa.

"'Yar nan, ke fa? Da waccan askar na yi miki."

"An gwada nawa tun farko, Baba. Lafiya lau."

Isyaku ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan safar. Can ya share fuska ya ce, "Saura Mandawari. Ki tanadi allurai, ranar Asabar ni zan kawo miki 'yan unguwar."