Jirgina a Kan Sikelin Dabino

Ranar Juma'ar farko bayan tafiyar alhazai, shekarar da nake aji shida, na ɗora jirgina a kan sikelin dabinon Umma, can saman gidanmu na unguwar Jarwal a ƙasa mai tsarki, na ɗaure shi da zaren ɗinki. Ƙananan fankoki huɗu ne masu batir, irin waɗanda alhazai ke fifita da su su yar, na tsinto na kafa a jikin kwali. Unguwarmu duk hawa ce da lungu, babu filin da jirgi zai yi gudu, don haka nawa tsaye zai tashi ko ya haƙura.

Kullum in na gama shanya da wanke-wanke sai in haɗa wayar batir in zuba wa allurar sikeli ido. In ta ja baya, jirgi ya rage nauyi ke nan. Yaran maƙwabta suka sa mini suna mai akuya, wai ba su taɓa ganin jirgi a turke ba. Abin ya yi mini ciwo, amma ko kallo ba su ishe ni ba.

Ran nan Kawu Sale, yayan Umma kuma mai gidan, ya hau da kansa. Ya ce ya gaji da surutun mutane, ko in tsinke zaren kowa ya gani, ko in daina hawa saman nan. Ni kuwa na san in na sake shi katanga zai tsallake ya tarwatse a lungu, kuma babu wasu fankoki sai Hajjin baɗi.

"Kawu, ba zan kwance ba. Bai gama gwaji ba," na ce.

Na haɗa waya. Allura ta koma sifili, zare ya miƙe, kwalin ya ɗaga har haske ya ratsa ƙarƙashinsa. Kawu ya ce, yana sirka Larabci, "Halas, ya bint, ya isa haka yarinya, wannan ba tashi ba ne." Ya sauko da ni ya sa wa ƙofar saman kwaɗo, jirgina na ciki, rana ta cinye shi.

Yau a unguwar Shisha nake, a bene mai tsabta, 'ya'yana ba su san saman gida ba balle zafinsa. Ina kewar wancan zafin. Kawu ya tsufa, duk sallah nakan durƙusa in gaishe shi, ya yi dariya ya ce bai tashi ba. Ni ma ban taɓa fasa ce masa ya tashi ba.