Ranar Da Na Ƙi Tsallaka Bindiga Da Baya

Ranar Asabar ta ƙarshen watan Oktoba, shekarar da na cika sha ɗaya, ina tsaye a gonar wani tsohon Bature a wajen Birmingham, takalmin robana ya nutse a taɓo, ina kallon Baba yana kwance rub da ciki a kan tabarmar leda. Ya ɗora bindigarsa a kan buhun yashi, ya kafa ido a madubin saitin da ke bisa kanta. Can nesa, yadi ɗari daidai, ya riga ya jingina kwalin shinkafa da dami na ciyawa, ya zana baƙin da'ira a tsakiya. Sau uku ya harba. Ya duba ta madubin. Ko ɗaya bai shiga baƙin ba.

Direban bas ne Baba, amma a Ghana gidan maharba ya tashi. Shekaru ya yi yana neman lasisin bindiga kafin ya samu, kuma mai gonar ya yarje masa harbin barewa ne bisa sharaɗi ɗaya: kada ya raunata dabba ta tafi tana wahala. Shi ya sa kowace shekara, kafin a buɗe farauta, sai ya gwada saiti. Ni kuwa wannan fita ita ce sallata. A gidanmu na Balsall Heath aikina wanke-wanke ne da ninke kaya da rakiyar ƙannena makarantar allo, a makaranta kuma ina can ƙarshen aji da littafi, ba mai jin muryata. A gonar nan kaɗai nake ganin sama ba rufin gida a gabanta. Ni ke riƙe fulas ɗin shayi, ni ke tsince kwanson harsashi in jera su bisa tsari.

Tare da mu akwai Kawu Inusa, ƙanen Baba, wanda bai taɓa harba komai ba amma ya san dalilin kowane kuskure. Shi ne ya tuna cewa daren jiya, da Baba ke goge bindigar a tsakar falo, na wuce ina karatu na tsallake ta. "Yaya, ai mace ta tsallaka," in ji shi. "Ko giwa aka ɗaure maka a ƙofar ofishin council ba za ka same ta ba." Maganin abin, a cewarsa, shi ne a shimfiɗa bindigar in sake tsallaka ta da baya, yadda ake yi wa jariri, daga nan kuma a daina zuwa da ni. Baba bai ce ya yarda ba, amma ya zare harsashi, ya kwantar da ita a kan tabarmar, ya dube ni.

Taki ɗaya ne. Sai dai na san idan na yi shi na amsa laifin ke nan, kuma gonar ta haramta gare ni. Sai na ce, "Ba zan tsallaka ba, Baba." Ban taɓa ce masa a'a ba. Na nemi izinin zuwa ganin kwalin, na zaro rula daga jakar makarantata, na kama hanya cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ina jin Kawu a bayana yana cewa ga irin tarbiyyar Ingila nan.

Ramuka ukun suna manne da juna, babban yatsana ya rufe su duka. Na auna sau biyu: inci uku hagu da baƙin, inci biyu ƙasa. Na cicciɓo kwalin na ajiye a gabansu, na ce da tsallakata ce ta lalata bindigar da harsasan sun warwatse, amma ga su wuri ɗaya. Hannun Baba lafiya lau, madubin ne ya goce. Ɗan littafin da ya zo da madubin na daɗe da karance shi, don ba na barin rubutu ya wuce ni. Kowane ƙas da maɓallin saiti ya yi in an murɗa shi, rubu'in inci ne. Sha biyu zuwa dama, takwas zuwa sama.

Baba ya daɗe yana kallon kwalin. Sannan ya miƙo mini hannu ya karɓi rular, ya auna da kansa. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, sai ya ce, "To, Mamana, ƙirga mini." Yana murɗawa ina ƙirgawa da ƙarfi, da Hausa, kada a ce na yi Turanci. Aka mayar da kwalin. Harbi na huɗu ya huda gefen baƙin, na biyar ya shiga tsakiya. Kawu ya kurɓi shayi ya ce dama tsallakar yara ba ta daɗewa a jikin ƙarfe.

Yanzu ina Manchester ina karatun jami'a, ina zaune a wani ƙaramin flat na haya a Levenshulme, tagata na kallon Stockport Road da hayaniyar motoci. Idon Baba ya yi rauni, ya mayar da lasisinsa, gonar ma an sayar. Har yanzu muryata ba ta fita sosai a cikin taro, nakan haɗiye magana fiye da yadda nake faɗa. Idan na je gida ranar hutu, yakan miƙo mini takardar GP, likitansa, ya ce in duba masa da kyau, don ba ya yarda da idon kowa sai nawa. Taki ɗaya na ƙi yi, kuma a kansa nake tsaye har yau.